Yazd, Masdar ko Shushtar: wanne ya kamata mai gina unguwa a ƙasa mai zafi ya kwaikwaya?

Duk wanda aka damƙa wa fili a gari mai zafi aka ce ya yanka shi unguwa, jami'in tsara birane ne ko ɗan kasuwa mai gina rukunin gidaje, yanzu ba ya tsira daga tambaya guda: yaya mutane za su zauna a nan ba tare da kuɗin wuta da na ruwa sun cinye su ba? Da an taɓo wannan magana, sunaye biyu ne ke fara fitowa daga bakin masu zanen gini. Ɗaya Yazd, tsohon birnin ginin ƙasa da ke tsakiyar Iran. Ɗaya Masdar, sabon garin da Abu Dabi ta fara ginawa a 2008 da niyyar kada ya ƙara wa duniya hayaƙi ko kaɗan. Akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba, Sabuwar Shushtar a kudu maso yammacin Iran, kuma a ganina shi ne ya fi amfani ga mafi yawan masu wannan tambaya. Sai dai ba za a gane dalili ba sai an duba abin da biyun farko suka iya da inda suka gaza.

Yazd na zaune tsakanin manyan hamadu biyu, Kawir da Lut, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Ruwan saman shekara guda da ƙyar yake kai milimita 60. A watan Yuli zafin rana kan kai digiri 40 ko ya wuce, da dare ya sauko wajen 25, da hunturu kuma har ruwa ke daskarewa. Duk da haka mutane sama da 500,000 ne a birnin, kuma a 2017 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi na zuwa su ɗauki hoton hasumiyoyin kama iska, waɗanda Farisawa ke kira badgir, su koma gida da zaton su ne sirrin garin. Alhali badgir shi ne abu na ƙarshe da aka ɗora. Daga ƙarƙashin ƙasa aka fara.

A kudu maso yammacin birnin akwai tsaunin Shirkuh, wanda ya haura mita 4,000, kuma ƙanƙara na sauka a kansa. Idan ta narke, ruwan na nutsewa cikin tsakuwa da yashin da ke gindin dutsen. Mahaƙa, da ake kira mukanni, sukan haƙa uwar rijiya a can sama har su cim ma ruwa, sannan su sauko kwari su fara rami a kwance suna nufar ta. Gwanintar duk a gangara take: idan ta yi yawa ruwa ya zaizaye ramin ya rufta, idan ta yi kaɗan ruwa ya kwanta. Bayan kowace 'yar tazara sai a huda rijiya daga sama don fitar da ƙasa da shigar da iska. Mutum ɗaya na can ciki a durƙushe da gajeren diga da fitila, yaro na cika gugan fata, wasu a sama na murza katakon da ke naɗe igiya. A yankin Yazd an san mahaƙan da farar tufa, don a hango su cikin duhu, kuma in rami ya danne mutum ta zame masa likkafani. Wannan shi ne kanat, ramin da ke gangaro da ruwa daga gindin dutse zuwa gari. Na Zarch da ke ratsa ƙarƙashin Yazd ya haura kilomita 70, da rijiyoyi sama da 2,000 a jere. Na Gonabad a gabashin ƙasar, uwar rijiyarsa ta kai zurfin kusan mita 300. A 2016 UNESCO ta sa guda 11 daga cikinsu a jerinta.

Abin da ya sa masu maganar muhalli ke son kanat a fili yake. Babu injin, babu mai, nauyin ruwa ne ke tura shi. Rana ba ta shanye shi a hanya. Mafi muhimmanci, ba zai iya ɗebo fiye da abin da ƙasa ta tara ba: shekarar fari ruwan ya ragu, kowa ya rage noma. Rabon ma da lokaci ake yin sa, kowane mai kaso da sa'o'insa. Kuma ruwan ne ya zana garin. Unguwanni sun bi layin kanat, masallatai da manyan gidaje na da matakala mai sauka har bakin ruwan, kowace unguwa na da rumbun ruwa na ƙarƙashin ƙasa mai kubba a sama, ab anbar, wanda ake cikawa da sanyi a sha da zafi. Akwai ɗaya a Yazd mai hasumiyar iska har shida a kewayensa don kada ruwan ya ɗumama ko ya yi wari.

Kada wannan ya ruɗi kowa game da Yazd ta yau. Tun daga shekarun 1960 da rijiyoyin burtsatse masu injin suka bazu a Iran, ruwan ƙasa ya yi ta ja da baya, kanat da yawa suka ƙafe. Yanzu ta bututu ake jawo wa birnin ruwa daga kogin Zayande Rud na lardin Isfahan, tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma manoman gabashin Isfahan sun sha fasa bututun don fushin an kwashe musu ruwa. Tsarin da ya riƙe ƙaramin gari shekaru aru-aru bai iya riƙe birnin masana'antu ba.

Bayan ruwa sai lungu. Hanyoyin tsohon garin matsattsu ne masu lanƙwasa, da dogayen katangu dama da hagu, rana ba ta samun ƙasansu sai na ɗan lokaci. Lanƙwasar na karya ƙarfin guguwar ƙura. A wurare da yawa an rufe saman lungun da baka, wani lokaci har da ɗaki a kai, ana kiransa sabat: mai tafiya ya sami inuwa, katangun biyu kuma su tokare juna. Gidaje manne suke, don haka kowane gida bango kaɗan ne yake bai wa rana. Bangon na tubalin ƙasa ne da aka shanya, kaurinsa kan wuce rabin mita, an shafe shi da yaɓen laka da bambaro. Zafin da ya buge shi da hantsi ba ya ratsawa ciki sai dare ya yi, lokacin iska ta huce, bangon ya saki abin da ya tara. Duk wannan babu abin da ke motsi a cikinsa, babu abin da zai lalace a kira makaniki.

Cikin gida kuwa iyali ƙaura suke yi ba tare da sun fita ƙofa ba. A tsakiya akwai tsakar gida mai ƙaramin tafki da bishiyar rumman ko inabi. Ɗakunan ɓangaren arewa na fuskantar kudu, suna shan ranar hunturu, can ake zama da sanyi. Na ɓangaren kudu sun juya wa rana baya, da babbar rumfa mai buɗaɗɗen gaba, can ake komawa da bazara. In zafin azahar ya tsananta a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da dare a hau rufi a kwana. A garuruwan Dezful da tsohuwar Shushtar a kudu maso yammacin ƙasar, inda zafi ya fi na Yazd, sun haƙa irin waɗannan ɗakuna cikin dutse zuwa zurfin mitoci da dama.

Sai yanzu badgir ya shigo, a saman rumfar bazara. Hasumiya ce ta tubali mai dogayen tsage a saman ta, an raba cikinta gida-gida da siraran bangaye tun daga sama har kusa da ƙasa. Idan iska ta kaɗo, ɓangaren da ke fuskantarta ya kama ta ya tura ta ƙasa, ɓangaren baya kuma ya zuƙo iskar ɗakin ya fitar. Wanda ke zaune a ƙarƙashi zai ji tana sauko masa a ka, ba daga gefe ba. Idan iska ta tsaya cak, rana ta gasa jikin hasumiyar, iskar cikinta ta yi sama, sai ta jawo mai sanyi daga tsakar gida ko ɗakin ƙasa ta maye gurbinta. Ita kaɗai hasumiyar ba ta sanyaya iska sosai, motsa ta take yi. Sanyi na gaske sai an haɗa da ruwa: iskar ta bi ta kan tafki ko ta ramin kanat, ruwa ya tsotse zafinta yana tashi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar zufar da take yi. Sandunan katakon da ake gani sun fito daga jikin hasumiyar ba ado ba ne, suna ɗaure ginin, kuma a kansu magini ke kafa tsani idan zai sake yaɓe.

Mafi shahara ita ce ta lambun Daulatabad, mai kusurwa takwas da tsayin mita 33 da ɗoriya, wadda Muhammad Taki Khan, mai mulkin Yazd, ya gina wajen 1750. Amma wannan ta masu sarauta ce, kuma ba ita ce mai koyarwa ba. Abin lura shi ne kowane gari da irin tasa. A Yazd yawanci fuska huɗu ce. A Meybod da Ardakan, garuruwan da ke kusa, fuska ɗaya ce, ta juya wa iskar ƙura baya. A bakin teku, kamar Bandar Lenge da ƙauyen Laft na tsibirin Keshm, gajeru ne masu faɗi don su kwashi iskar teku da yawa, kuma ba a haɗa su da tafki, tunda iskar can ta riga ta jiƙe. Magina ba su taɓa ɗaukar badgir ɗin wani gari su dasa a wani yadda yake ba.

To mene ne aibin Yazd ga mai gini a yau? Na farko girgizar ƙasa. Ranar 26 ga Disamba, 2003, girgiza ta rushe birnin Bam na Iran da tsohuwar ganuwarsa ta ƙasa, mutane sama da 26,000 suka rasu, da yawansu ƙarƙashin rufi mai nauyi. Na biyu ruwa: ruwan saman da ba a saba da shi ba da ya sauka a ƙarshen Yulin 2022 ya lalata gidaje da yawa a tsohuwar Yazd ɗin kanta. Na uku yaɓe, wanda ba ya ƙarewa, ga gara. Na huɗu, kuma shi ne ya fi kashe tsarin, rayuwa ta canza. Mai mota na son ta kai shi ƙofar gida, motar asibiti da ta kashe gobara ba sa shiga lungu, kuma ba kowa ke da filin da zai ware ɗakin sanyi daban na zafi daban ba. Masu hali sun koma sababbin unguwanni masu faɗin kwalta, manyan gidajen da suka bari da yawa sun zama masaukin baƙi. A gidajen da ake zaune, an toshe badgir da yawa saboda ƙura da tsuntsaye, an ɗora akwatin sanyaya iska mai aiki da ruwa da fanka, wanda ke kan rufin kusan kowane gida a tsakiyar Iran.

Hasumiyar iska ta ƙetara teku ne tare da fatake. Unguwar Bastakiya a Dubai, wadda yanzu ake kira Al-Fahidi, 'yan kasuwa daga Bastak a kudancin Iran ne suka gina ta a farkon ƙarni na 20 da irin hasumiyoyin garinsu. Don haka lokacin da Abu Dabi ta sanar da shirin Masdar a 2006, ta ba kamfanin Norman Foster ɗan Ingila aikin zane, ba abin mamaki ba ne da aka ga tsofaffin dabaru a ciki. Filin murabba'in kilomita 6 ne kusa da filin jirgin sama. An tsara wa mutum kusan 50,000 mazauni, da wasu dubban da za su riƙa shigowa aiki. Kuɗin farko da aka ambata dala biliyan 22 ne, kuma a 2016 aka so kammalawa.

Abin da aka gina a tsakiyar garin ya cancanci yabo. Tituna gajeru ne matsattsu, an karkata su don su sami inuwa su kuma ja iska. Benaye na leƙowa kan hanya. An rufe tagogi da raga mai launin jan ƙasa wadda ke tare rana ta bar iska. A dandalin cibiyar bincike ta garin akwai hasumiyar iska ta ƙarfe mai tsayin mita 45, da murafu a sama waɗanda na'ura ke buɗewa ta inda iska ke kaɗowa, da feshin ruwa a ciki. Mai tafiya a ƙasa a waɗannan 'yan titunan yana jin bambanci da manyan titunan Abu Dabi. An buɗe gonar sola mai megawat 10 a 2009, kamfanin Siemens ya gina ofishinsa a can, hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta tare a hedkwatarta a 2015.

Ka lura da wani abu: duk abin da ya yi aiki a Masdar, mafi arha ne kuma mafi tsufa, wato inuwa, ƙuncin titi da fuskar gini. Abin da ya ci kuɗi shi ne ya tsaya. An so a ɗaga garin baki ɗaya kan dandamali mai tsayin mita 7, a ƙarƙashi ƙananan motocin lantarki marasa direba su riƙa kai mutane ko'ina. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, aka duba kuɗin aka ga ba zai yiwu ba; a 2010 aka dakatar da faɗaɗa shi, ya tsaya a ɗan gajeren layi. Shekarar 2016 ta zo ba a gina ko kashi 5 cikin 100 ba, mazauna 'yan ɗaruruwa ne, galibi ɗalibai, kuma shugabannin aikin da kansu suka janye alkawarin cewa babu hayaƙi sam. Tun daga nan garin ya ci gaba da girma, amma da tituna da motoci irin na ko'ina. Cikin gine-ginen iyakwandishan ne ke aiki, domin Abu Dabi bakin teku ce, iskar bazararta a jiƙe take, dare ma ba ya hucewa yadda na Yazd ke yi. Ruwan kuma daga teku ake tace shi, aikin da ke shan makamashi mai yawa. Ma'aikacin da ya tuƙo mota daga cikin birni ya ajiye ta a bakin gari ya shiga motar lantarki, hayaƙinsa dai ya riga ya tashi.

Ba na cewa Masdar asara ce. Ga gwamnati mai rarar kuɗin mai da ke son wurin gwada na'urori, ta biya. Ga wanda zai sayar da filoti ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, ba abin bi ba ce, domin kowane ɓangarenta mai ban sha'awa na bukatar injiniya mai albashi da kayan gyara daga waje.

Sabuwar Shushtar ta girme Masdar da shekara talatin. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin noman rake na Karun ya so gidaje ga ma'aikatansa a lardin Khuzistan, inda zafin bazara kan kusanci digiri 50. Aka ba Kamran Diba, mai zanen gini ɗan Iran, aikin. Bai gina garin tarihi na bogi ba, kuma bai jera dogayen benaye cikin fili kamar yadda ake yayi a lokacin ba. Ya ɗauki ƙashin tsohon gari ya sa masa sabon nama. Gidaje masu hawa ɗaya ko biyu, manne da juna, kowanne da tsakar gidansa da rufin da za a kwana a kai. Bango mai kauri na jan bulo da aka gasa a yankin, magina na yankin suka ɗora, rufi na ƙananan baka a kan ƙarfe. Tagogi ƙanana, yawancinsu a ɓangaren inuwa. Ɗakuna 'yan kaɗan amma manya, don iyali su yi amfani da su yadda suka saba, a ci abinci a nan, a naɗe shimfiɗa a kwana a nan. Lungunan an daɓe su da bulo, na masu tafiya a ƙasa ne da yara masu wasa. Mota na tsayawa a wuraren ajiya na haɗaka a gefen unguwa, tafiyar 'yan mintuna. Ta tsakiya kuma doguwar hanya ce mai lambuna da dandali da rumfuna, inda aka tsara kasuwa da masallaci da makarantu.

An tsara garin ga mutane sama da 30,000, amma kashi na farko, na kusan mutum 4,000, shi ne aka kammala yadda aka zana. Juyin juya halin 1979 ya katse aikin, yaƙin Iran da Iraki ya ɓarke a 1980, 'yan gudun hijira suka cika gidajen fiye da kima, sauran ginin kuma aka yi shi ba bisa zanen ba. An karrama aikin a zagayen 1986 na lambar yabon Aga Khan ta zanen gini, zagayen da masallacin Yama na jihar Tawa a Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar. Shushtar ma ta nuna rauni guda da ya kamata a sani tun da wuri: unguwar da aka gina kan wuraren haɗaka, in babu mai kula da su, lambu ya bushe, mota ta kutsa lungu, kowa ya ƙara ɗaki a tsakar gidansa ya toshe iskar maƙwabci. Amma wannan matsalar shugabanci ce da kuɗin shara da ban ruwa, ba ta dala biliyan ba.

Idan za a zaɓa, kafin a kalli hoton kowane gari, a fara da ma'aunin zafi da na laima a filin da za a yi ginin. Abu na farko: dare na hucewa? Bango mai kauri na amfani ne inda akwai tazara mai yawa tsakanin zafin rana da na dare. Inda dare ke zama da zafi, bangon zai yi ta dafa masu barci har asuba, sai an ba su wurin kwana a waje ko ɗaki mai saurin hucewa. Na biyu: iskar a bushe take? Sanyaya iska da ruwa na aiki ne a busasshiyar iska kawai. Na uku: daga ina iska mai daɗi ke zuwa, daga ina mai ƙura? Wanda bai amsa wannan ba ya gina badgir, ya gina wa kansa mazurarin ƙura.

A nan ne maganar ta taɓo ƙasar Hausa, domin zafinmu ya yi kama da nasu amma ba ɗaya ba ne. Lungu da zaure da soro da tsakar gida na tsohuwar Kano ko Damagaram ko Agadas, wadda ita ma ta shiga jerin UNESCO a 2013, dabara ɗaya ce da ta Yazd, ba sai an aro ta ba. Bambancin kuwa uku ne manya. Ruwan saman Kano ya ninka na Yazd fiye da sau goma, kuma cikin 'yan watanni yake sauka, don haka yaɓen laka da rufin ƙasa irin na Yazd ba za su jure ba sai da indararo mai kyau, da tushe na dutse ko siminti, da rufin da ya leƙo ya kare bango. Kanat kuma na bukatar tsauni mai tara ruwa a gindinsa da gangara zuwa gari. Shi ya sa ake samun irinsa a Oman da Tuwat ta Aljeriya da kudancin Maroko, amma shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ba ta da wannan. Abin da za a ɗauka daga gare shi ƙa'idarsa ce: a san abin da ƙasa ke tarawa kafin a ba kowane gida izinin burtsatse, a kuma tanadi rumbun ruwan sama na unguwa.

Na ukun shi ne wanda masu kwafar zane suka fi faɗawa ciki. Yazd na kusa da digiri 32 arewa da tsakiyar duniya, rana a kudu take duk shekara, shi ya sa rabon gida zuwa ɓangaren sanyi da na zafi ya yi daidai. Kano na wajen digiri 12. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana na ratsawa ta arewa da tsakar ka, sauran watanni ta kudu, kuma da azahar kusan a tsaye take. Bangon arewa a nan ba mafaka ba ce ta dindindin. Abokan gaba su ne bangon gabas da na yamma da kuma rufi. Matsattsen lungu ma ba ya ba da inuwa da tsakar rana yadda yake yi a Yazd, sai an haɗa da rufaffun sassa irin na sabat da bishiyoyi. Badgir kuwa zai yi amfani a Maris da Afrilu, ya zama dole a toshe shi lokacin ƙurar hunturu, da damina kuma ya jawo feshi. Ga mafi yawan gidaje, rufi mai tsayi da ƙananan huda a saman bango don zafi ya fita zai ba da amfani da ɗan kaɗan daga kuɗin.

An riga an gwada hanyar tsakiya irin ta Shushtar a kusa. A Yamai, rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016, an gina shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, gidaje masu bene manne da juna, kowanne da tsakar gida da inuwa. Cikin waɗanda suka zana shi akwai Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, kuma su biyun ne suka yi aikin Dandaji a jihar Tawa, wanda aka gama a 2018, inda aka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo da irin wannan tubali. Babu hasumiyar iska irin ta Yazd a aikin na Yamai, babu motar da ke tuƙa kanta.

Don haka ga mai unguwa mai matsakaicin kuɗi, zaɓina Shushtar ne, da gyaran fuskar gini daidai da ranar wurin. Daga Yazd a ɗauki jerin aiki: ruwa tukuna, sai lungu, sai bango, sai tsakar gida, hasumiya in kuɗi ya ragu. Daga Masdar a ɗauki sola a kan rufi da al'adar auna zafi da iska kafin a kafa tubali. Wanda ke gyara tsohon gari mai ginin ƙasa, shi Yazd ce makarantarsa kai tsaye, har da yadda za a shigar da bututu da magudana ba tare da an jiƙa tushen bango ba.

Cikas mafi girma ba a wurin magini yake ba, a takardar izini yake. Dokokin gini a garuruwa da yawa na tilasta barin fili tsakanin gida da katanga ta kowane gefe, da faɗin titi iri ɗaya ko da gida goma ne a kansa. Da irin wannan doka ba za a iya manna gidaje ba, ba za a iya yin lungu ba, tsakar gida kuma ta koma siririn zirin da babu mai zama a cikinsa. Wanda ya zaɓi hanyar Shushtar sai ya je hukumar tsara birane da zanen unguwar gaba ɗaya, ba na gida ɗaya ba, ya nuna ta inda motar kashe gobara za ta kai kowane rukuni, inda za a ajiye motoci, inda ruwan damina zai bi, da wanda zai riƙa biyan mai shara da mai ban ruwan bishiyoyi bayan an sayar da gida na ƙarshe.